Ingila, Jamus ko Suwidin? Ga mai son mastas kan muhalli da haƙƙin talaka

Wata ƙanwata da ke aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri ce ta dame ni da tambaya, tun bayan ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumban 2024 ta ce ita fa ta gaji da rabon buhun shinkafa da tabarma, tana so ta je waje ta yi mastas ta fahimci me ya sa kullum in ruwa ya zo unguwar talaka yake fara ci. Ta turo min sunayen kwasa-kwasai sun fi 20, rabinsu duk da kalma ɗaya a jiki, wai ci gaba mai ɗorewa. Na ce mata ƙanwata, sunan nan fa kamar lakabin Alhaji ne a kasuwa, kowa na amsawa, sai kin buɗe jakar kin ga me ke ciki.

To abin da na faɗa mata shi zan faɗa a nan, kuma ƙasa uku zan ɗauka don su mutanenmu suka fi nema a wannan fannin, Ingila da Jamus da Suwidin. Amma kafin batun ƙasa bari in ba ku gwajin da nake yi wa kowane kwas.

Ku ɗauki kogin Haɗeja. An gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ruwa ya samu a Kadawa da Kura ana noman rani na tumatir da shinkafa, Kano ta samu ruwan sha. Can ƙasa kuwa wajen Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ambaliyar da fadama ta saba samu duk shekara ta canza, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da makiyayi da mai noman fadama duk suka ji a jikinsu. Wani kwas ɗin in ka kai masa wannan matsalar zai koya maka auna ruwa, karanta hoton tauraron ɗan adam, lissafin nawa za a saki daga dam a wane wata. Wani kuma zai tambaye ka waye ya yanke hukuncin, da wa aka yi shawara, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba wa iko, kuma matar da ke sayar da kifi a Nguru ina muryarta. Dukansu ilimi ne, kuma dukansu muna buƙata. Matsalar kawai ka biya kuɗin jirgi kana neman na biyun ka tsinci kanka a na farkon, ko akasin haka, wata uku sai ka fara ƙirga kwanaki. Don haka ka buɗe jerin darussan kwas ɗin, kar ka tsaya a hoton ɗalibai suna murmushi a kan ciyawa.

In tambayar waye ya ci waye ya yi asara ce ke hana ka barci, Ingila ce ta fi ƙarfi, kuma a Ingilar ma cibiyar nazarin ci gaba ta IDS da ke jami'ar Sussex a gefen garin Brighton. Tun 1966 take, kuma Sussex ta yi shekaru a jere tana zuwa ta ɗaya a duniya a fannin nazarin ci gaba a jerin QS na gwada jami'o'in duniya. A can Robert Chambers ya yi aikinsa, mutumin da ya yaɗa tsarin nan na zama a ƙasa da mutanen ƙauye su zana taswirar garinsu da kansu maimakon ka zo da fom kana musu tambayar gadara, duk wanda ya yi aikin NGO a Arewa ya taɓa yin wannan abin ko bai san daga ina ya fito ba. Suna da mastas kan sauyin yanayi da tsara manufofi, da na jinsi, da na abinci, da na talauci, da wani sukutum kan iko da shigar jama'a cikin yanke hukunci. Jami'ar SOAS a Landan ma tana nan, ta fi zafin siyasa, kuma tana da daɗaɗɗen tarihi da harshen Hausa, sai dai Landan tsada kamar me.

Abin da ke min daɗi da wannan makarantar tunani ta su IDS shi ne ba sa ɗaukar labarin da kowa ke maimaitawa haka kawai. Mu a nan an saba cewa talaka ne ke kawo hamada, shi ke sare itace, shi ke cinye ƙasa. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a ABU Zariya da BUK shekara da shekaru, ya bi gonakin kewayen Kano ya nuna cewa duk da yawan jama'a manoman nan suna riƙe ƙasarsu da taki da itatuwan da suke bari a gona. A Maraɗi da Damagaram kuma sassaben zamani, wato barin kututturen gawo da sauransu su tofo, ya farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 ba da dashen gwamnati ba. Irin wannan kallon za a koya maka, ka tambayi labarin kafin ka tambayi manomin.

Amma mastas ɗin Ingila shekara ɗaya ce. Wannan shi ne alherinta kuma shi ne cutarta. Ka sauka Satumba, kafin ka gane bas ɗin da ke kai ka makaranta an fara neman rubutu, ga karatu tuli duk sati, bazara ta zo a ce ka rubuta kundinka cikin wata uku, yawanci daga ɗakin karatu za ka yi shi, da wuya ka samu sararin dawowa Gashuwa ka zauna da masunta. Ga wanda ya riga ya yi shekara 5 a fili yana da labarai cike da kai, wannan ba matsala ba ce, tsari kawai yake nema ya zuba abin da ya sani. Ga wanda ya gama bautar ƙasa jiya kuwa, zai fito da manyan kalmomi ba ƙasa a ƙafarsa.

Kuɗi kuma, kar mu yaudari juna. Kuɗin makaranta kaɗai yawanci daga wajen fam 20,000 ne zuwa sama, ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga sai ka nuna sama da fam 1,100 na kowane wata har wata 9 in ba a Landan kake ba, kuɗin su kwana 28 a asusu, ga gwajin tarin fuka. Ka juya wannan zuwa naira ka gani. Ni ra'ayina kar wanda ya sayar da gonar gado don mastas ɗin ci gaba a Ingila, albashin wannan fannin ba zai dawo maka da ita nan kusa ba. In za ka je, wani ya biya. Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Ingila, na biyan komai, tana son aikin shekara 2 wato awa 2,800, ka zaɓi kwas uku, ana buɗewa a Agusta a rufe wajen Oktoba, kuma ka sa hannu za ka dawo gida ka yi aƙalla shekara 2. Su shugabanci suke nema, wanda zai iya ba da labarin abin da ya canza da hannunsa, ba mai sakamako mafi kyau ba lallai. Akwai kuma sikolashif ɗin Commonwealth Shared, ita ta fi kallon karatu da rashin hali, kuma ɗan Najeriya da Gana da Kamaru duk suna ciki, ɗan Nijar ne ba ya ciki tunda ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar Commonwealth. Sannan tun Janairun 2024 mai mastas na aji ba ya tafiya da iyali in ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa ba, ga bizar zama bayan karatu da take shekara 2 za ta koma wata 18 daga 2027. Mai mata da yara uku ya yi wannan lissafin tun kafin ya cike fom.

Jamus wata duniya ce daban. Abu na farko da ke jan mutane shi ne yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, sai ɗan kuɗin zango na ƴan ɗaruruwan yuro wanda sau da yawa har da tikitin bas da jirgin ƙasa a ciki. Amma a kula, jihar Baden-Württemberg tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, kuma Freiburg da Hohenheim da mutane ke so duk a can suke. Mai biya wa kansa sai ya zuba yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, ana sakar masa 992 duk wata, kuma doka ta ba shi kwana 140 na aiki a shekara. Ba arha ba ce, amma in ka ajiye ta kusa da Ingila sai ka ga ita kaɗai ce cikin ukun nan da ɗan ma'aikaci mai ɗan rufin asiri zai iya tunkara ba tare da sikolashif ba.

Sikolashif ɗin da ya dace da mu shi ne na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, da ake kira EPOS, wanda aka ware wa kwasa-kwasan da suka shafi ƙasashe masu tasowa. Suna son aikin shekara 2 bayan digiri, kuma digirin kar ya wuce shekara 6 da gamawa, wannan sharaɗin na biyu yana kayar da mutane da yawa, sai mutum ya yi ta jira ya tara gogewa har lokaci ya wuce shi. Kowane kwas da ranar rufewarsa, kuma makarantar kake nema kai tsaye. A Bonn akwai wanda jami'ar garin ke yi tare da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haɗurran muhalli da tsaron rayuwar ɗan adam, wannan kamar don ƙanwata aka yi shi, ambaliya da fari da wa suka fi kamawa, ga shi a garin ne sakatariyar yarjejeniyar sauyin yanayi da ta yaƙi da hamada suke, in kana da wayo sai ka nemi aikin koyo a can. Freiburg na da na tafiyar da harkar muhalli, Cologne na da na ruwa da albarkatun ƙasa, Dresden na gandun daji, Flensburg na makamashi.

Kun ga yadda jerin ya karkata ai. Jamus ta fi ƙarfi a auna abu da gina abu. Za ka fito ka iya GIS, wato aikin taswira a kwamfuta, ka iya lissafi, ka iya rubuta rahoton da injiniyan ma'aikatar ruwa ba zai raina ba, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don rabin masu maganar adalci a tarukanmu in aka ajiye musu taswirar ruwa ba su san sama da ƙasanta ba. Shekara 2 ce yawanci, wata 6 na kundi, kuma da yawa suna ƙarfafa ka ka dawo gida ka tattara bayanai. Batun adalcin yana nan amma a wasu kwasa-kwasan kamar gishiri ne a miya, sai ka nema da kanka wajen zaɓen darasi da malamin da zai duba ka. Sai harshe. Ajin da Turanci ne, amma mai gidan haya da ofishin baƙi da takardun da ke zuwa akwatin wasiƙa duk Jamusanci ne, kuma Bajamushe yana son takarda kamar ransa. Wanda ke tunanin zama ya yi aiki a wata 18 da ake bayarwa bayan gamawa, in bai koyi harshen ba zai ƙare a ɗaukar kaya a sito da mastas ɗinsa a aljihu. Layin biza kuma yana da tsawo, a fara da wuri.

Suwidin ita ce a tsakiya, kuma ita na fi jin mutane ba su sani ba. Jami'ar Lund na da LUMES, mastas na shekara 2 kan muhalli da ɗorewa, inda ake haɗa mai digirin kimiyya da mai digirin zamantakewa a aji ɗaya a ce su warware matsala tare, shekarar farko ka ɗanɗani kimiyyar yanayi da tattalin arziki da siyasa, zangon ƙarshe gaba ɗaya na kundi. A Lund ɗin dai akwai wani kan al'ada da iko da muhalli wanda ya fi kowanne zafin suka, su za su ce maka motar lantarkin da ake alfahari da ita a Turai daga ramin wani yaro a Kwango aka haƙo ƙarfen batirinta, wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Stockholm kuma akwai cibiyar da Johan Rockström ya jagoranta, inda maganar iyakokin da duniya za ta iya ɗauka ta fito a 2009. Tsarin karatun Suwidin darasi ɗaya a lokaci ɗaya, aikin rukuni ba iyaka, kuma farfesa da sunansa za ka kira shi, ba ranka ya daɗe ba rusunawa, satin farko sai ka ji kamar rashin kunya kake yi.

Tun 2011 wanda ba ɗan Turai ba yana biyan kuɗin makaranta a can, kuma rayuwa da tsada, don haka hanyar ita ce sikolashif ɗin Swedish Institute. Najeriya na cikin jerin ƙasashensu, suna son awa 3,000 na aiki da shaidar shugabanci, suna biyan makaranta su ba ka kurona 12,000 a wata da kuɗin tafiya. Tarkon shi ne mataki biyu ne. Sai ka fara neman gurbi ta shafi ɗaya na ƙasar baki ɗaya kafin tsakiyar Janairu, kwas huɗu za ka jera, ka biya kurona 900 na nema, sannan a Fabrairu ka nemi sikolashif ɗin cikin ƴan kwanaki kaɗan da suke buɗewa. Wanda ya makara a na farko na biyun bai da amfani. Kuma takardar sakamakonka daga jami'a, wannan ka fara bi tun damina, na san wanda shekara guda ta wuce shi saboda fayil ɗinsa na kwance a teburin wani da ya tafi hutu.

Zaman rayuwa fa, tunda ba aji kaɗai za ka zauna ba. Sanyi duk akwai amma duhun Suwidin daban ne, a Disamba hasken rana a Lund wajen awa 7 ne, ka yi azahar kafin ka ninke darduma la'asar ta yi, magariba kafin ƙarfe 4. Ɗan Sakkwato da ya saba rana na dukansa tun safe abin yana taɓa masa zuciya, ba wasa ba. Sa'ar da aka yi shekarun nan azumi na faɗowa Fabrairu da Maris, ba irin na tsakiyar bazara mai awa 18 zuwa sama ba. Malmö na kusa da Lund, minti kaɗan a jirgin ƙasa, Musulmi da yawa, nama halal da masallaci ba wahala, amma ɗaki a Lund sai an yi da gaske, kuma ƙone Alƙur'ani da aka yi a ƙasar a 2023 da sunan ƴancin magana abu ne da iyaye za su tambaye ka, gara ka shirya amsa. A Jamus shagunan Turkawa sun rufa asiri. Ingila ta fi kowacce sauƙi ta wannan ɓangaren, ga ƴan Najeriya ko'ina, har daddawa da kuka za ka samu in ka san wanda za ka tambaya. Wani abu kuma da ba a faɗa, duk kwas ɗin da ke da adalci a sunansa za a tattauna jinsi da addini da abubuwan da a gida ba a buɗe baki a kansu, ba wanda zai tilasta maka canza aƙida, amma za a nemi ka kawo hujja cikin natsuwa, wanda ba zai iya zama a irin wannan ajin ba ya nufi ɓangaren ruwa ko makamashi ya huta.

Holan na so in saka a cikin manyan amma batun kuɗi ya hana ni. Cibiyar nazarin zamantakewa ta ISS a birnin Hague tana da ƙarfi sosai kan ƙasa da manoma da haƙƙin ɗan adam, kuma a garin ne kotun ɗaukaka ƙara ta ba manoman Neja Delta gaskiya kan malalar man Shell a Janairun 2021, jami'ar Wageningen kuma a harkar noma ba a magana. Sai dai shirin sikolashif na Orange Knowledge da ya kai mutanenmu da yawa can ya ƙare, kuɗin makaranta kuma ba sauƙi. Erasmus Mundus, sikolashif ɗin Tarayyar Turai, ma a jefa ƙugiya, yuro 1,400 a wata kana yawo tsakanin ƙasa biyu ko uku, kuma ƴan Najeriya na kan gaba a Afirka wajen samu, illarsa kawai duk zango kana neman sabon ɗaki. Kuma waje ba Turai kaɗai ba ce. Cibiyar PAUWES a Tlemcen ta Aljeriya ta Tarayyar Afirka ce kan ruwa da makamashi da sauyin yanayi, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi tana da rassa a ƙasashen yankinmu har da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Minna, ga ɗan Nijar mai Faransanci waɗannan sun fi kusa da hannu.

Ita ƙanwata ga abin da na ce mata. Shekararta 4 a aiki, digirinta na labarin ƙasa ne, ba ta yi aure ba, tambayarta kuma rabi ruwa ce rabi siyasa. Na ce ta sa Bonn a farko don digirinta saura shekara ɗaya ya fita daga sharaɗin shekara 6, ta sa Lund na biyu, Chevening kuma ta cike don ba ko sisi ake biya ba, amma ko ba ta samu bana ba wannan zai jira ta, ba ya tsufa. Da abokina ne mai shekara 10 yana sasanta manoma da makiyaya kan burtali, da iyali da aikin da ba za a riƙe masa shekara 2 ba, Sussex zan ce ya je ya yi wata 12 ya dawo kujerarsa. Da kuma yaro ne da ya gama injiniyan noma babu gogewa babu mai biya, sai in ce ya nemi aiki ko da na sa kai ne ya tara awannin nan, ya fara Jamusanci a waya da daddare.

Ta ce to Yaya, rubutun dalilin neman fa me zan ce, na ga kowa na farawa da tafkin Chadi ya ƙafe. Na ce shi ya sa ke ba za ki fara da shi ba, masu karantawa sun ga wannan jimlar sau dubu. Ki rubuta unguwar da kika shiga kwana uku bayan ruwan, wa ya samu kwale-kwale wa bai samu ba, da tambayar da kika kasa amsawa ranar. Jiya ta turo min daftarin farko, shafi huɗu, an ce kalma 500 ake so.